Wayar Baba Ta Kai Muryarki

Caruaru, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Rosineide,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Adailton, ya kuma sassauta muku sanyin Lisbon. Mu nan lafiya lau. Autarmu Luzia ta haihu, mace, sak kakarta har da ɗaure fuska. Ƙafar Kawu Severino ta yi sauƙi, ya koma kasuwa yana damun mutane da surutu. Mama tana cin abinci sosai, kunnen ne dai kullum ƙara toshewa yake.

Kin tambaya a waya yadda saƙonki ya kasance, na ce miki sai a takarda, don na san kuka zai hana ni magana. Kin san abin da ke cin Mama a rai. Shekara huɗu kina kira kina cewa ta sa miki albarka, kamar yadda muka saba tun muna yara, ita kuwa sai ta riƙe wayar tana juya ta, ba ta jin komai. Na sha ce mata ta faɗa kawai, ta ce albarka amsa ce, ba ta amsa abin da ba ta ji ba. Taurin kan nan kin san shi, ke kika gada. Shi ya sa na ce ki ɗauko muryarki mu sa a motar saƙo mai manyan lasifika ta mijina Josenildo ranar da Mama za ta cika shekara saba'in da takwas. Motar da ke tashin unguwa guda don wani ya ce yana son wata, ai ta isa kunnen tsohuwa ɗaya.

Ranar Asabar da safe muka je filin ƙwallo gwaji. Mijin nawa ya murɗa sauti, kiɗa ya tashi, muryarki ta fito, fitilun motar suka dushe, sai ɗif. Ya sake, ɗif, kuma kullum kafin ki kai ga roƙon albarkar. Ga shi saura kwana ɗaya, Neide. Shi kuwa gogan ya ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, ya ruga ya aro amfilifaya ta biyu, wato na'urar ƙara sauti, wajen abokinsa ya jona. Wannan karon ko gaisuwarki ba mu gama ji ba. Na ce masa jakin da ya kasa buhu ɗaya ne ya ɗora wa biyu. Ya ce in bar harkar maza, in je in duba kek. Ni, 'yar Baba makaniki, da na yi shekara tara ina miƙa masa sufana!

Na je gida na ɗauko mitar Baba ta auna wuta. A kan batir, injin yana aiki, ta nuna sha huɗu. A but ɗin bayan mota, inda amfilifayar take, kiɗa yana bugawa sai ta faɗo goma, na'urar ta kashe kanta. Huɗu sun ɓace a hanya. Kin tuna yadda Baba yake cewa wuta kamar ruwa ce a tiyo, in tiyon siriri ne kuma dogo, a gajiye take isa? Na bi wayar wutar, taku biyar daga gaba zuwa baya, robarta kauri kamar babban yatsa, cikinta kuwa bai kai tsinken tsire ba. Na kankare ta da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito: alminiyam ce aka yi wa wankan tagulla. Ita kuma wayar da ke mayar da wuta jikin mota, a kan fenti ya ɗaure ta. Na nuna wa Josenildo. Ya sosa ƙeya ya ce ai mai shagon ya rantse masa. Na ce to ya kira mai shagon ya zo ya rantse wa Mama.

Kin tuna kebul ɗin walda na Baba da ke rataye a rumfar baya, wanda Mama ta hana a sayar? Shi na sauko da shi. Tagulla zalla, nauyi kamar me, har yanzu yana warin garejinsa. Muka ja shi daga batir zuwa but, na sa fis dab da batir don kada mu ƙone motar, na kankare fentin har ƙarfe ya yi ƙyalli, muka mayar da amfilifayar aro. Josenildo ne ya riƙa miƙo mini sufana, amma don Allah kada ki tsokane shi, ya yi zufa ranar. Mita ta tsaya a sha uku da rabi, ba ta ƙara motsi ba.

Lahadi da la'asar ya shigo layinmu da balan-balan da tartsatsin wuta, maƙwabta suka fito da kek a hannu. Muka zaunar da Mama dab da but. Da farko ta ɓata rai, wai wa ya mutu ake wannan hayaniya. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin lasifika, sautin yana bugun tafin. Ta kalle ni ta ce wannan Neide ce. Da kika zo wurin da kika ce, "Mama, ki sa mini albarka," ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. Na yi kuka, Josenildo ma ya shige ƙarƙashin sitiyari wai yana duba fis. Ta ce a sake. Sau huɗu aka sa, sau huɗu ta amsa, sannan ta ce ya isa, shekarun sun cika, a ba ta kek ɗinta.

Kawu Severino yana gaishe ki, da Luzia da jaririyar, da Dona Zefinha ta maƙwabta. Josenildo ya ce ki aiko wani saƙon, yanzu motarsa ba ta jin tsoron kowa. Ki gai da Adailton. Mama tana zaune kusa da ni, ta sa na rubuta miki albarkar nan da hannuna don kada ta ɓace a hanya. Ga ta, duka huɗun, ba abin da ya ragu.

Yayarki mai ƙaunarki,
Valdirene