Tsarin da Na Rubuta Ya Karya Ƙafar Maƙwabcina

Zuwa ga Alhaji, Darakta kuma mamallakin kamfanin kai abinci gida-gida da nake wa aiki a nan Njamena.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ranka ya daɗe, ni ne Sani Abakar, injiniyan kwamfutarka, ɗan marigayi Malam Abakar mai atamfa na unguwar Ridina, wanda kuka yi maƙwabtakar rumfa a kasuwa. Ban so maganarmu ta fita jarida ba. Na yi ta neman ganinka, kullum sakatare ya ce ka tafi unguwar Farcha sayen nama, ko kana da baƙi. Da ƙofa ta ƙi buɗuwa, dole na yi magana ta taga.

Na farko, ina tuna maka yadda muka soma. Lokacin da wayar salula ta shiga hannun kowa, ka kira ni ka ce kana son mutum ya turo saƙo daga ofis ko gida, a kai masa gasasshen nama ko kifi da wainar kisar har ƙofa. Ni kaɗai na rubuta tsarin da ke karɓar saƙon, ya zaɓi ɗan babur mafi kusa, ya tura masa. Garinmu lunguna ba su da suna, don haka na bi unguwanni a bayan babur ina alamta masallatai da famfuna da shagunan da kowa ya sani. Na yi murna da aikin nan, Allah ne shaida.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. Bara ka umarce ni in ƙara ƙa'ida: duk ɗan babur da ya wuce lokacin da kwamfuta ta yanka masa, ta daina tura masa aiki har washegari. Na gaya maka kwamfuta nisa ta sani, ba ta san damina ba. Hanyar unguwar Boutalbagar da ake shararawa da rani, idan ruwa ya sauka sai an turo babur cikin taɓo. Ka ce masu saye suna ƙorafin abinci na zuwa a huce, in yi abin da aka sa ni. Na yi.

A daminar nan Hissein, ɗaya daga cikin 'yan baburanmu, wanda gidansu ke kallon namu a Ridina, ya ɗauki abinci zuwa Boutalbagar bayan ruwan rana. Kwamfuta ta riga ta dakatar da shi a makon, yana tsoron ta sake. Ya ja babur da gudu, ya faɗa ramin da ruwa ya rufe, ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Yana da mata da yara ƙanana. Da na je duba shi bai zage ni ba, bai ma ɗaure fuska ba. Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, ka gaya wa kwamfutarka na yi iya ƙoƙarina." Tun ranar, idan zan fita aiki sai in zaga ta bayan layi, don kada in haɗu da mahaifiyarsa a bakin ƙofa. 'Yan uwansa masu babur kuwa sun daina zama da ni wajen shan shayi. A bakinsu ba ƙa'idar Alhaji ba ce, kwamfutar Sani ce.

Na uku, na so in ajiye aiki, sai na tarar ba ni da hanyar fita. Ranar da ka ɗauke ni ka karɓi ainihin takardar diflomata, ka ce ajiya ce kawai, ka sa a akwatin ƙarfe na ofishinka. Ban yi musu ba, don abokin mahaifina ne ya tambaya. A garin nan ba ma'aikatar da za ta dube ni ba tare da ita ba, makarantar da ta ba ni kuma ba ta bayarwa sau biyu. Da na aika kawuna ya roƙe ka, ka ce masa ba za ta fito ba sai na samo wanda zai maye gurbina. Na kawo mutum biyu, duka ka ce ba ka yarda da su ba. Ga shi ba ni da hutu. Wuta na ɗaukewa, janareta na tari, sai a kira ni, ko ina masallacin Juma'a. Ranar sunan 'yata ana raɗa mata suna ina ofis ina tayar da na'ura.

Ranka ya daɗe, ban ce kai azzalumi ba ne. Ka yi wa gidanmu alheri a ciwon ajalin mahaifina, ba zan manta ba. Amma alherin nan ya zame mini igiya a wuya.

Roƙona shi ne ka ba ni izini in cire ƙa'idar dakatarwa, ko aƙalla in sassauta ta da damina. Ka taka da kanka ka gaida Hissein, kamfani ya ɗauki jinyarsa, a kuma ajiye masa gurbinsa. Ka mayar mini da takardata. Na yi alkawari ba zan gudu ba sai na koya wa duk wanda ka zaɓa aikin, daga farko har ƙarshe.

Gobe da safe zan zo ofis kamar kullum, domin in ban kunna na'urar ba, ba ɗan babur ɗaya da zai kai cefane gida. Amma hadari na ci gaba da haɗuwa, kuma duk saƙon da ya fita zuwa Boutalbagar da hannuna yake fita.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kasuwancinka, ya sa ka gama da duniya babu haƙƙin kowa a wuyanka, ni ma haka.

Wassalam.

Ɗanka,
Sani Abakar,
Ridina, Njamena.