Muryar Baba a Aljihun Mutane

Tambuwal, 3 ga Safar

Zuwa ga Yaya Raihanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Kafin Baba ya rasu na ɗauki kiran sallarsa a waya, na ce mishi don tarihi ne. Abokina Mu'awiyya, mai haɗa manhajoji, ya mayar da shi manhajar da ke kiran salla in lokaci ya yi, muka sa a kantin manhajoji na waya. Duk wanda ya saya, kantin ya cire uku cikin goma, sauran mu raba biyu. Baban da ya yi shekara arba'in yana ladanci bai karɓi ko sisi ba, ni na sa wa muryarsa farashi!

Jiya a tasha ya kira azahar daga aljihun wani ɗan acaɓa, har da ɗan tarin nan nasa. Duk wata in kuɗin suka shigo sai in ji kamar Baba yana tsaye bayana. Tsoro nika ji, Yaya.

Ki gaida yara.
Ƙanenki, Suhaibu

Tambuwal, 25 ga Safar

Yaya Raihanatu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin ɗiyarki Muhsina? Allah shi ƙara sauƙi.

Na cire manhajar daga kantin. Mu'awiyya ya yi ta faɗa, don rabonsa ya tafi, amma na tsare shi sai da ya goge komai a gabana, na goge nawa. Waɗanda suka riga suka saya ne kawai babu yadda zan yi da su.

Daga nan na je na faɗa wa Inna, ina jiran ta yi mini Allah wadai. Sai ta kwance bakin zane, ta miƙo mini wayarta, wai in sa mata kiran sallar Baba, tun ranar jana'iza kunnenta ke nemansa in rana ta karkata.

Yaya, ba ni da shi. Ɗan acaɓan ma na neme shi har Dogon Daji, babu labari. Don Allah ranar kasuwarku ta Kebbe ki shiga da azahar ki kasa kunne. In kin ji Baba, ki riƙe mai wayar, kada ki bari ya tafi.

Ki sa ni a addu'a.
Naki, Suhaibu