Ɗan baffana ya tafi karatun gawayi da jarrabawata

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, ka ɓoye sunana. Ni dattijo ne daga wajen Waca, da jikokina, amma yau ni ke roƙo, don Allah ku ba ni shawara, kuma kar wanda ya ce mini haƙuri sai ya karanta har ƙarshe.

A shekarun saba'in gwamnati ta ce za ta fara yin kuran, wato wutar lantarki, da gawayin ƙasa can arewa, tana neman yaran da za ta ba burs, wato kuɗin karatu, su je waje su koyo aikin injinan, har da masu tace hayaƙi don kar ya cuci mutane. Aka yi kwankur, jarrabawar zaɓen yaran, a Magarya, na zauna, ɗan baffana ma ya zauna. Ni da shi sunan kakanmu aka sa mana, kuma da yake ubana ya rasu ina goye, ranar da aka kai mu lakwal, makarantar boko, Baffa ya ba da sunansa a matsayin ubanmu mu duka. A takarda sunanmu ɗaya, ubanmu ɗaya.

Kafin sakamako ya fito fari ya matsa, shanu na faɗuwa, Baffa ya ce in kora garken zuwa kudu, hayin Najeriya, wai na fi ɗansa juriya. Wata biyar ina bin shanunsa, ina hawa itace ina sare musu ganye. Da na dawo aka ce takarda ta zo, takwara ya ci, har ya tafi. Wallahi murna na yi masa, ni sakarai, na ɗauki hauyata na nufi gona.

Sai bayan shekara uku mushenmu, wato malamin da ya koyar da mu, ya gan ni a kasuwar Dungas ina sayar da gero, ya riƙe baki, ya ce me nake yi a nan, shi da idonsa ya ga lambar teburina cikin waɗanda suka ci. Na tunkari Baffa, ko musu bai yi ba, ya ce ai duk gida ɗaya ne, in na tafi wa zai riƙe shanu. Na ce masa azzalumi a gaban matansa. Inna ta yi ta kuka, ta sa na rantse ba zan tada maganar ba muddin tana raye. Na riƙe alkawari har na binne ta.

To yanzu gwamnati ta sake tado zancen gawayi mai ƙarancin hayaƙi, za a karrama waɗanda suka fara aikin, kuma a Magarya za a yi bikin ɗan baffan nawa. Ya dawo gida ƙirji ya lalace, numfashi da ƙyar. Ya aika na je, ya kama hannuna ya ce, “Takwara, ka yafe mini duk abin da ke tsakaninmu.” Duk abin! Ko sunan abin ya kasa faɗa. Wai kuma ni zan yi jawabi a madadin dangi, tunda shi ba ya iya doguwar magana.

Ban yafe ba, kuma so nake ya ji kunyar nan da ransa. Sai dai 'ya'yansa Baba suke ce mini, ba su taɓa yi mini komai ba. Jama'a, in tashi gaban manya in faɗi gaskiya, ko yaya zan yi? Domin in na karɓi lasifikar nan na yi kara, ni da bakina zan shaida wa duniya cewa shi ya ci.