Kaset ɗin Laburare Zai Tona Mini Asiri Gaban Aminiyata

Assalamu alaikum Anti Lubna,

Don Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi miki tsawo, kuma kada ki saka sunana. Ba ni da wanda za ni faɗa wa wanga zance, don duk wanda na sani yana cikinsa.

Ni ɗalibar jami'a ce, ajin ƙarshe. Bafulatana ce ni, an haife ni a ruga gefen Tozai, amma in kin gan ni ba za ki ce ba. Gajera ce ni, baƙa, na ɗauko kakata ta wajen uwa, kuma Hausar bakina ta kasuwar Isa ce, don tun ina shekara takwas nake bin Inna tallan nono. Shekara guda kafin in shiga jami'a 'yan bindiga sunka kore shanunmu kaf da rana tsaka. Munka dawo cikin garin Isa, malamin Islamiyyarmu ya ba mu ɗaki biyu bayan makarantarsa. Baffana, wato mahaifina, tun lokacin bai cika magana ba. Yakan wuni ƙofar gida yana tufka igiya, ban san abin da zai ɗaure da ita ba.

Ranar rajista muna kan layi wata yarinya mai surutu ta tambaye ni garinmu, na ce Isa. Ta yi tsalle ta rungume ni, wai ita 'yar Unguwar Lalle ce ta Sabon Birni, ta samu 'yar gida. Nana Firdausi ke nan. Ban yi mata ƙarya ba ranar, ai Isa muke zaune. Na ce a raina in mun natsu za ni faɗa mata sauran. Ɗaki ɗaya anka ba mu a hostal, risho ɗaya, tukunya ɗaya. Sai na fara jin irin hirar da ake yi duk ranar da labarin hari ya zo, yadda ake haɗa mu gaba ɗaya, da ɓarawo da wanda anka yi wa sata, a kira mu da suna ɗaya. Na ce bari abu ya lafa tukuna.

Bai lafa ba. Da daminar farko anka kashe baban Firdausi a gonarsa. Na bi ta gida na yi kwana bakwai, ni ce mai wanke-wanke, ni ce mai kai wa 'yan gaisuwa ruwa. Ina tsugune gaban kwanoni na ji abin da mata ke faɗi a kan Fulani, har da addu'o'in da ba za ni iya rubuta miki ba. Ban ji haushinsu ba, gawa anka kawo musu a amalanke. Tsoro ma ban ji ba. Na dai ci gaba da cuɗa kwano. Tun ranar mamarta ke ce mini ɗiyata, kuma tun ranar nono bai sake shiga gidan ba.

Anti, wannan ma wani abu ne da ya kamata ya dame ni. Ban yi kuka ranar shanunmu ba, ban yi ranar babanta ba. Ina ci, ina barci, ina cin jarabawa, in an yi abin dariya in buɗe baki kamar kowa. Amma cikina shiru ne.

Don gudun hirar hostal na koma zaman laburare tun safe har a rufe. Can na haɗu da Malama Halimatussa'adiyya, mai kula da sashen kaset da tsofaffin takardu. Matar nan ta san ɗalibin da ke zuwa laburare don karatu, ta san wanda ke zuwa don ba shi da wurin zuwa. Irinmu na biyun ta fi ja a jiki: 'yan ƙauyukan bakin iyaka, masu Turanci da ƙyar, waɗanda su kaɗai ne daga garinsu. Ita ta koya mini neman littafi a kwamfuta da yadda ake kawo hujja a rubutu. In ta ga azahar ta wuce ban tashi ba sai ta turo mini ƙosai a takarda, alhali da hannunta ta manna sanarwar hana cin abinci a ciki.

Wata rana ta iske ni ƙarƙashin matakala ina waya da Inna. Can nake ɓuya in za ni yi Fulatanci. Washegari ta kira ni ofishinta ta jawo wani kwali mai kaset sittin. Wani malami ne ya bi rugage da ƙauyukan yankinmu yana ɗaukar muryar tsofaffi tun kafin a haife ni, da ya rasu iyalinsa sunka ba laburare. Shekara da shekaru suna ajiye, don cikin ma'aikatan babu mai jin Fulatanci. Ta tambaye ni ko za ni iya saurara in rubuta wa kowane kaset katinsa, wa ke magana, a ina, a kan me.

Shekara biyu ina wanga aiki. Akwai tsohon da ke zayyana burtali da mashaya ɗaya bayan ɗaya har cikin Nijar. Akwai wata mata daga wajen Kamarawa tana burgar nono tana kiran shanunta da sunayensu, irin kiran Inna sak. Na maimaita shi sau uku don in tabbatar da kalmomin, na rubuta kati, na saka na gaba. Nan ma ban ji komai a raina ba. Sai dai gaskiya kujerar da nake sauraron kaset a kai ita kaɗai ce wurin da ba na tauna magana kafin in faɗa a duk faɗin jami'ar. Da kaset ɗin na yi binciken kammala karatuna, malamina har ya yaba. Firdausi kuwa na ce mata tsofaffin waƙoƙi nake rubutawa, ta ɗauka na Hausa ne, ban gyara mata ba.

Yanzu aiki ya ƙare. In an dawo daga hutu laburare zai yi taron buɗe kaset ɗin a makon karɓar sababbin ɗalibai. An riga an buga sunana a kan kowane kati. Malama na so in tsaya gaban jama'a in kunna wasu in fassara. Ta ce bara yaran Fulani biyar sunka shigo, biyu sun tattara kayansu sun koma gida, ukun da sunka rage ba sa ɗaga kai a aji, tana so su ga tasu ta kai ajin ƙarshe. Ba ta san zancen Firdausi ba, ta ɗauka kunya ce kawai ke kai ni ƙarƙashin matakala. Na ce mata to, don ban taɓa iya ce mata a'a ba.

Ita ko Firdausi tun kafin hutu ta cika hostal da shelar taron, har ta yanko mana atamfa iri ɗaya. Jiya ta bugo mini waya wai tela ya gama, ranar kasuwa mai zuwa za ta kawo mini tawa har Isa, kuma wanga karo ba ta karɓar uzuri. Shekara uku ina hana ta zuwa gidanmu, yau in ce Inna ta yi tafiya, gobe in ce hanya ba kyau. Inna Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, ga ƙorenta jere a ɗaki tana wanke su kullum ko da babu abin zubawa. Da Firdausi ta yi sallama gidanmu magana ta ƙare.

Na yi tunanin in tare ta a tasha in karɓi ɗinkin, sannan in kira Malama in ce ba ni da lafiya, a cire ni a goge sunana. Wata huɗu ya rage mu gama, kowa ya kama gabansa ba ta sani ba. Ko kuma in faɗa mata, ta dube ni da idon da take duban masu tallan nono a bakin titi. Firdausi ce kaɗai ƙawar da na taɓa yi a rayuwata. Ina rubuta miki wannan ko rawa hannuna ba ya yi, shi ya sa ban yarda da kaina in yanke hukunci ba. Don Allah ki ce mini wani abu kafin ranar kasuwa.

Taki,
'Yar Ƙarƙashin Matakala, daga Isa

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifin Firdausi, ya mayar wa Baffanki da alheri. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda lokaci ya ƙure.

Shawarar tasha ki ajiye ta. Sunanki yana kan kati sittin, kuma jami'a ba ta da girman da kike zato. Ko kin goge sunan, wata rana wani zai faɗa mata, sai ta ji kunya biyu: an ɓoye mata, kuma bare ya riga ta sani. Mafi muni shi ne ta ji daga lasifika tana zaune sanye da ankonki.

Ban ga laifinki a ranar rajista ba. Yarinyar da aka raba da ruga, ta zo tana jin ana zagin iyayenta a kan laifin waɗanda suka cuce su, dole ta kame bakinta. Amma ita ma Firdausi tana da haƙƙi a kanki. Ta buɗe miki komai nata, har zaman makokin ubanta, ke kuma kin rufe mata ƙofar gidanku shekara uku. Ki shirya, domin abin da zai fi yi mata ciwo ba lalle asalinki ba ne. Za ta tuna duk maganar da ta faɗa a gabanki tana zaton babu wanda take sara, kuma mutum yakan huce kunyarsa da fushi.

Ki kira ta kwana biyu kafin kasuwa. Ba na son a yi babbar magana a waya, amma taki daban ce. Tana gidansu, za ta iya kashe wayar, ta yi kukanta, ta zaɓi zuwa ko rashin zuwa da kanta. Kada ki bari ta sha hanya ta zo ta tarar, kada kuma ki ɗauki ƙafa ki kai maganar gidansu, zukata ba su huce ba a yankin nan. Ki faɗa a taƙaice. Ki nemi gafarar ɓoyewa, amma kada ki nemi gafarar haihuwarki, ba ki kashe kowa ba. Wadda ta tsuguna kwana bakwai tana wanke kwanonin gidansu ai Bafulatana ce a duk kwanakin nan. Zancen shanunku ki riƙe shi sai in ta tambaya. Asararku babba ce, sai dai ita uba ta rasa, in kika jera su a rana ɗaya za ta ji kamar awo kike yi. Yadda za a sanar da mahaifiyarta kuwa, da lokacin da ya dace, ki bar wa Firdausi.

Malama Halimatussa'adiyya mutuniyar kirki ce, irinta ne ke hana yaran ƙauye gudu daga jami'a. Amma ta ɗora miki kaya ba ta san nauyinsa ba, kuma ke ce ba ki faɗa mata ba. Ki kira ta ki ba ta labari tiryan-tiryan. Sunanki ya zauna a kan katin, guminki ne. Tsayawa gaban taro kuwa zaɓinki ne, kina iya cewa a'a ba tare da kin ci amanar kowa ba. Yaran nan uku ina ganin zama a tebur ɗaya da ke a ofishin Malama, ku saurari kaset ku yi hira da harshenku, zai fi riƙe su a kan jawabin rabin awa. In daga baya kin ji za ki iya hawa dandamali, ki hau.

Shirun da ke cikinki ba taurin zuciya ba ne. Abu ya yi wa zuciya yawa ne ta rufe kanta don ki iya tashi da safe. Kada ki zauna da shi. Da kin koma ki je asibitin makaranta ki nemi ganin mai kula da damuwa, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini.

Akwai kuma wadda kika manta. Innarki ta san 'yarta tana da aminiya shekara uku, ba a taɓa kawo mata ita ta gaishe ta ba. Kada ki ɗauka ba ta gane dalili ba. Ki zauna kusa da ita yau ki ba ta haƙuri tun kafin ki ɗauki waya.

Ba zan yi miki alkawarin Firdausi za ta zo ranar kasuwa ba. Tana iya yin wata ba ta amsa sallamarki, tana iya tafiya gaba ɗaya. Kada ki bi ta da magiya, kada kuma ki yi zuciya. In ta dawo, wannan karon ke ɗin ce ta zaɓa da idonta buɗe. In ta tafi, aƙalla ta san ko wace ce ta bari.

Allah ya sanyaya zukatanku ku biyu, ya ba ki sa'ar kammala karatu, ya kawo wa Gobir zaman lafiya.

Anti Lubna