Baitin da Umm Talal Ta Tsallake

Ajlun, 8 ga Satumba, 1996

Zuwa ga ƙanena Muhannad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya a can Jubail. Yaya zafi, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya, yarana suna gaida kawunsu.

Ka tambayi jikin Yumma. Da sauƙi: tana cin abinci, tana zama a kujera, hannun hagu yana aiki. Magana ce dai har yau shiru. Tun da ɓarin jikinta ya shanye kalma ɗaya ba ta fita daga bakinta ba. Za ta buɗe baki, ka ga maganar a idonta, sai ta maƙale, sai ta juya ta kalli bango. Uwarmu fa, wadda tun muna yara ba a kai ango a ƙauyen nan sai ta yi masa kirari ta rufe da guɗa. Wallahi wani lokacin kicin nake shigewa in sha kukana.

Gidan kuwa ba za ka gane shi ba. Amti Fidda ta tare a wurinmu, ka kuwa san yayar babanmu in ta kafa doka. Ta ce gidan da ake jinya ba a waƙa, abin kunya ne maƙwabta su ji. Ta naɗe rediyo da tawul ta ɗora kan kabad. Yarana a bakin ƙofa suke ajiye muryarsu tare da takalma.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Rantsuwar nan da ka yi, cewa ba za a yi bikinka da Lubna ba sai Yumma ta yi maka kirari da bakinta, ta zama abin magana a gari. Abu Haisam, baban yarinyar, ya yi haƙuri iya haƙuri. Amma ya gaya wa mijina, in aka gama tsinkar zaitun bai ji an sa rana ba, zai zo ya nemi a sakar masa 'yarsa. Kai kana can kana rantse-rantse, ka bar mu da idon mutane. Likitan Irbid ya ce kada mu sa rai da maganar Yumma. Don Allah ka yi kaffara ka sa rana, kada ka yi asarar yarinyar kirki.

Af, ka tuna Rawan, 'yar Abu Sakhar direban bas, mai majinar nan da take bin mu gona? Ta dawo daga Ingila. Gidauniyar nan mai ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan Larabawa ce ta tura ta, ta karanto yadda ake buɗe bakin wanda magana ta gagara. Yanzu tana aiki a gidan yaran da gidauniyar ta buɗe a tsohuwar makarantar 'yan mata. Suna kuma bin tsofaffi da rakoda, suna ɗaukar waƙoƙin reno da na biki kafin masu su su ƙare. Ta zo neman Yumma, Amti ta koro ta tun daga tsakar gida, ko gahawa ba ta ba ta ba.

Ka huta lafiya, ka kuma yi tunani.

Yayarka,
Tahani

Ajlun, 13 ga Oktoba, 1996

Ƙanena Muhannad,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ka lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Talata Amti ta tafi Jarash ta'aziyya. Kamar Rawan tana laɓe, sai ga ta. Ta ce ba rakoda ta kawo ba, roƙo take mu kai Yumma gidan yara ta sha iska, ta ga ƙananan. Na dubi Yumma, na ga ta ƙura wa ƙofa ido, na ce mu je. Abu Sakhar ya ɗauke mu a bas ɗinsa, da keken guragun Yumma da komai.

Wurin ya ba ni mamaki. Ajin da Malama Nawal take zane mu da rula, yanzu darduma ce shimfiɗe, ga littattafai masu hotuna a ƙasa-ƙasa inda hannun yaro zai kai, ga bango guda an bar musu su yi ta zane. Har da yaron Umm Sa'id, wanda aka ce ba zai taɓa magana ba, na ji shi da kunnena yana faɗa da wani a kan ƙwallo.

Da lokacin barcin ranarsu ya yi, Rawan ta kwantar da su ta kunna kaset. Muryar wa kake tsammani? Umm Talal! Abokiyar hamayyar Yumma, wadda suka shekara talatin suna gasar biki, kowace tana cewa ɗayar muryar akuya gare ta. Waƙar renon nan take yi, wadda Yumma ta rene mu da ita. Na ga Yumma ta ɗaure fuska. Umm Talal ta yi baiti na farko, ta tsallake na biyu gaba ɗaya, ta faɗa na uku. Sai na ji an daki hannun keke, bam. Na juyo, na ga Yumma ta ɗaga haɓa irin yadda take yi a gidan biki, ta rera:

"Yi barci, ɗan lelena,
babanka na tafe daga masussuka,
ɓaure cike da rawaninsa,
mafi zaƙin naka ne."

Kalma bayan kalma, Muhannad, babu wadda ta faɗi ƙasa. Muryar ta dushe, amma ita ce. Yaran suka ɗago kai suna kallonta. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa ba. Ba abin da nake iya faɗa sai Subhanallah.

Da ta gama na kama hannunta na ce ta kira sunana. Ta buɗe baki, ya maƙale kamar kullum. Hankalina ya tashi, amma Rawan ta kwantar da ni. Ta ce magana da waƙa ba ɗaki ɗaya suke zaune a cikin kai ba. Ciwon ya rushe ɗaya ya bar ɗayan da ƙofarsa, kuma ta nan za a bi a riƙa fito da kalmomin. Na tambaye ta ko da gangan ta zaɓi kaset ɗin Umm Talal. Ta yi dariya ta ce duk Ajlun wa bai san abin da ke tayar wa Umm Muhannad, wato Yumma, da hankali ba? Ka ji 'yar direba.

Tun ranar nake ta jujjuya abin a raina. Allah ya ajiye muryar matar nan a cikin kanta tsawon watannin nan, mu kuwa muna ta tafiya da sanɗa muna yi wa juna shiit. Na ba Amti labari. Washegari na tarar da rediyo a kan tebur, tawul ɗin a igiyar shanya.

Ka gaida duk wanda ya tambaye mu.

Taka,
Tahani

Ajlun, 24 ga Nuwamba, 1996

Zuwa ga Muhannad mai taurin kai,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan ka warke daga murar da ka ce. Na ga amsarka. Wai dabara nake yi maka don ka karya rantsuwa, kuma wai waƙar reno ba kirari ba ce. Ni kake ce wa maƙaryaciya, ni da na goya ka? To, saurara.

Rawan kullum in ta tashi aiki sai ta biyo. Tana riƙe hannun hagun Yumma tana ɗan bubbuga shi, suna rera maganar yau da kullum kamar waƙa: ina son ruwa, a rufe taga, miyar nan ba gishiri. Wannan ta ƙarshen ita ta fi saurin kamawa. Ta kuma bar mana rakoda, ta ce duk abin da ya fito mu ɗauka, na gidauniya ne kuma namu ne.

An gama tsinkar zaitun, an kai wurin matse mai. Ranar Juma'a bayan la'asar Abu Haisam ya zo da ƙaninsa, fuska ba walwala. Mijina ya zuba masa gahawa, ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai sha ba. Ka san ma'anar wannan: ba zai sha ba sai an biya masa buƙata, kuma kowa ya san buƙatar. Ina tsaye bayan labule ina saurare. Yumma tana gefena ta ji komai. Ta fizgi rigata ta nuna falo da haɓa. Na ce maza ne, ta sake fizga har ɗinki ya ɓalle. Na tura keken, na danna rakoda.

Ba ta kalli kowa ba. Ta kai hannu gefen baki, ta ɗaga murya:

"Ku ba da hanya, ga Muhannad,
zaitun ɗin da na dasa ya yi 'ya'ya.
Ku ba da hanya, ga Lubna,
fitilar da za ta shigo gidana."

Ta ja numfashi za ta yi guɗa, harshen ya ƙi. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Sai muka ji guɗa daga ƙofar kicin, mai ƙarfi, har tantabarun soro suka watse. Amti Fidda ce, da ludayi a hannu, hawaye har haɓa.

Abu Haisam ya dubi Yumma. Sannan ya ɗauki kofin da ya riga ya huce, ya ce, "Umm Muhannad, buƙatata ɗaya ce, a sa rana." Mijina ya ce an ba shi. Abu Haisam ya shanye gahawar.

Saboda haka rantsuwarka ta cika, ba ka da sauran abin fakewa. Ga kaset ɗin cikin ambulan. Kada ka saurara a gaban abokan aikinka, na san ka da saurin kuka.

Ba zan ɓoye maka ba, na ɗan ji haushi. Ni nake yi mata wanka, ni nake juya ta, amma sunanka ne ya fara fita. Ɗazu ina zaune kusa da ita ina rubuta wannan, sai na ji tana bubbuga gwiwata da hannun hagu, yadda Rawan take yi. Ta ɗauki lokaci tana neman muryar waƙar. Sannan ta rera, a hankali:

"Tahani, 'yata, ce masa ya zo."

To, na ce maka. Tabon da ka gani a nan ƙasa ba na shayi ba ne.

Sai mun gan ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Tahani