Yaya Hadiza, Ramatu Za Ta Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayata Hadiza, wadda Allah ya karɓi abarsa a Barmu shekara bakwai ke nan. Bayan gaisuwar da ƙanwa ke yi wa yayarta, da roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ni ce Balki nake rubuto miki daga Tawa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun jiya akwai labari a bakina, kuma babu wanda ya kai ki haƙƙin jin sa.

Ɗiyarki ta ci bak, Yaya, jarrabawar nan ta gama sakandare. Tun zagayen farko aka kira sunanta. Ranar an yi ruwa da safe, muka tsaya cikin caɓi a farfajiyar lise, makarantarsu ta sakandare, wani malami yana karanto sunaye da lasifika. Da na ji an ce Ramatu Abdu, ko guɗa ban iya ba. Sai na zauna a kan jiƙaƙƙen dakali da zanena na fita unguwa.

Kin tuna ranar da kika kawo mini ita? Ta gama firamare, kika sauko daga motar Barmu da ita da tabarma da rabin buhun gero. Kika ce, "Balki, ga ta nan. Kada ki bari ta tsaya a tsakiya kamar mu." Ban san zuwanki Tawa na ƙarshe ke nan ba.

Tun tana kolej, ƙaramar sakandare, take cewa likita za ta zama. Ta shafa baƙin fenti a bangon zaure ta mai da shi allo, kullum bayan la'asar tana can da alli tana jera sunayen ƙasusuwa da ƙarfi, har maƙwabta suka haddace wasu.

Bayan bak na tafi wurin malaminsu na kimiyya, Mushe Isufu, kamar yadda suke kiransa da Faransanci, na ce ya faɗa mini gaskiya. Bai ɓoye mini ba. Ya ce yarinya tana da kai, ta kuma samu mansiyon, wato yabon da ake ƙara wa wanda makinsa ya haura, sai dai tata ta matakin farko ce. Ya ce karatun likita a jami'ar gwamnati ta Yamai, daga kowace jiha shi kowa ke nema, guraben kaɗan ne, kuma daga sama ake fara ɗiba. "Ba ni cewa ba ta da rabo, Madam," in ji shi, "amma ƙofar ƙunci gare ta."

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Na fito daga gidansa jikina sakayau. Daɗi na ji, Yaya. Kin san gidan nan. Yarana biyu suna Abijan, mai gida yana wuni kasuwa, ni da keken ɗinkina ne sai muryar Ramatu. Na ce a raina in Yamai ta ƙi ta, ai ta zauna mini.

Na isa gida na shirya magana kamar ta mai hankali. Na ce mata kada ta ɓata zaɓinta na farko a takardar neman jami'a a kan abin da ba tabbas. Ga jami'a nan cikin gari, ta karanta shari'a, ta ci tuwon gida, ta kwana ɗakinta. Ta ce to. Kwana biyu ba ta sake tada zancen ba, allon zaure ma ba ta taɓa shi ba.

Rana ta uku muna tsinkar zogale a tsakar gida, ta yi magana kanta a sunkuye, irin yadda kike yi in za ki faɗi abin da ba a so. Ta ce, "Inna, na san mai yiwuwa ba a ɗaukata. Amma in ban rubuta ba, har in tsufa ina tambayar kaina." Ta ƙara da cewa, "Kuma duk inda na tahi, nan ne gida."

Wannan ta biyun ce ta kashe mini jiki. Ashe ta gane ba don ita na yi maganar ba, don kaina na yi. Washegari ni da kaina na ɗauki takardunta zuwa meri, ofishin magajin gari, aka buga musu hatimi.

Ta rubuta likitanci a Yamai na farko, ilimin noma a Maraɗi na biyu, Tawa ta uku. Na tambaye ta me ya kai ta noma. Ta ce bara ta ga babanta tsaye a gona yana murza zangarniyar gero, tsutsa ta cinye ta sai ƙaiƙayi, kuma babu wanda ya iya gaya masa abin yi. Da aka kira shi a waya ya ce duk wanda ta zaɓa Allah shi sa albarka.

Muka yi ta jira har damina ta ja baya. Jiya bayan azahar sunaye suka fito a waya. Ta duba na likitanci sau uku, babu ita. A na noma sunanta yake.

Ta shiga ɗaki ta yi kuka, na bar ta. Abin da ya ba ni mamaki ni ce. Ni da na yi fatan haka, sai na ji kamar in hau mota zuwa Yamai in ce a nuna mini waɗanda suka fi ɗiyarmu. Na zauna gaban keke na kasa zura zare a allura. A nan na san Allah ya wanke mini zuciya, na kuma gode masa.

Kafin magariba ta fito ta wanke fuska, ta ci shinkafa da wake har da ƙari. Yau da safe ta kira Mushe Isufu, na ji tana dariya. Daga nan ta shiga wurin Hajiya Rabi maƙwabciyarmu, wadda 'yar Maraɗi ce, ta dawo da sunayen unguwanni da lambar ƙanwar Hajiyar. Tana ba ni labari hannuwanta suna yawo a iska, kamar ke sak.

Ba ta samu abin da ta fi so ba, Yaya, amma ta nema da hannunta, kuma abin da ta samu ita ta zaɓe shi. Hankalina kwance yake. Na yanka mata atamfa kala uku, biyu na gama, ta ukun tana kan keke. Ta ce lalle sai na raka ta na ga ɗakin da za ta zauna. Ni da ban taɓa wuce Madawa ba, ga shi ɗiyarki za ta kai ni Maraɗi.

Allah ya jiƙanki, Yayata, ya haskaka makwancinki, ya yafe mini abin da zuciyata ta so a kan amanarki. Allah ya tsare Ramatu a inda ba mu da ido, ya sa karatunta ya amfani mutanen Barmu da waɗanda ba ta sani ba. Ya haɗa mu a gidan da babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Balki,
Tawa.