Ƙofa biyu a kamarar Baba

Ƙanena Yakubu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina Rifkatu da yara, yaya zaman Yamai? Mu nan Mayahi lafiya lau.

“Yaya, kafin in tafi zan cire pil, batiran nan, daga kamarar Baba, in kai fim ɗin Maradi a wanke.” Bakinka ne ya faɗi haka. Damina biyu ke nan.

Jiya na buɗe akwatin ƙarfen marigayiya Inna, sai ga kamarar ka naɗe ta cikin zane, a ɗakin kwanon da zafinsa ke narkar da kyandir. Wani farin gari kamar kanwa ya fito ta gindinta. Mai hoton kasuwa ya ce in fitar da pil yau, kafin ruwansu ya cinye cikinta. Malamin lakwal, makarantar bokon nan, kuma ya ce in haske ya shiga, fim ya ƙone. Ƙofa biyu gare ta, ban san ta pil ba, ban san ta fim ba. Duk karatuna, ga ni zaune ina kallon ƙarfe kamar baƙuwa. Hotunan Inna na Kirsimetinta na ƙarshe suna ciki, ba mu da wasu.

Ka kira ni kafin Lahadi ka faɗa mini ƙofar da zan buɗe. In ka yi shiru, Litinin zan kai ta Maradi a rufe. Hotunan da suka tsira kuma, sai ka zo bangon ɗakina ka gan su.

Ka sa mu a addu’a, ka gaida mutanen gida.

Yayarka,
Saratu